Yoyon Man Lori da Sunan Baffanka Sale

Gude, ta ƙasar Kabo.

Zuwa ga ɗana Haruna,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, jiki da hankali. Allah Ya kai ku Kano lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya, da sharrin ƙarfe, da sharrin abokin tafiya mai daɗin baki. Amin.

In ka ga rubutun yana hawa yana gangara, hannuna ne. Ban kai wa mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwar Gwarzo ba, don na san shi sarai: abin da ya shiga alƙalaminsa da hantsi, kafin la'asar yana rumfar wanzamai. Kwana huɗu na yi ina fama da ɗan bokon da na tsinta a ajin manya. Na ba ka ita a liƙe, na ce kada ka buɗe sai mota ta yi nisa. In kuwa tun a zaure ka ɓare ta, halin gidanku ka yi, ba zan yi mamaki ba.

Za ka tafi wurin baffanka Sale ka koyi gyaran mota. Kai da innarka kuka ƙulla wannan, kuka kawo mini shi a dafe, wai wani direba ne ya zo da saƙo. Na ji na yi shiru, amma kada ku ɗauka ban gane ba. Ban hana ba. Sai dai ba zan bar ka ka shiga gidan mutumin nan ɗauke da abin da ka tashi kana ji a Gude ba, wato cewa Sale ya bar gari ne don an kama shi yana satar man lori. Shekara goma sha ɗaya ke nan ana faɗar haka. Ƙarya ce, kuma daga bakina ta fito. Zan gaya maka yadda aka yi daki-daki, tare da aikin da ya tona ni, tunda aikin ne za ka je koya.

Da mahaifinmu ya rasu ya bar mana shanu, ni da Sale, gyaɗa na tashe. Duk wanda ya ga buhuna jibge a ƙauyukan Madadi da Jama'a suna jiran abin ɗauka ya san inda arziki ya koma. Muka sayar da mafi yawan garken muka sayi lori ta hannu. Sale ya koyi tuƙi, kuma Allah Ya ba shi kunne: yana jin inji kamar yadda mahaifinmu yake jin kukan saniya ya san abin da ke damunta. Ni kuwa babba ne, sai na ɗauki gaban mota da farar riga, ni ke magana da masu sikeli da dillalai. Da kaka mu kwaso gyaɗa daga ƙauyuka zuwa sikelin Gwarzo, daga can mu yi Kano. Da damina hanya ta yanke, sai mu kafa wa motar rumfar zana a bayan gida kusa da turken awaki, ta yi wata huɗu ba ta motsa ba.

A kakarmu ta uku mai ya fara raguwa. Akwai ɗan siririn ƙarfe da ake zarowa daga inji a ga inda baƙin mai ya tsaya, geji ake ce masa. Kullum da safe in zaro shi, in ga mai ya sauka ƙasa da inda na bar shi. Mu ƙara, washegari ya sake sauka. To, ni ɗan makiyaya ne. A gidanmu in saniya ta kwana da nono ta wayi gari hantsa a motse, abu biyu ne: ko maraƙi ya kwance, ko hannu ya shiga. Na ce a raina lori dai ba ta da maraƙi.

Sale ne ya fara yi mini maganar, ba ni na fara ba. Wata safiya yana goge hannu da tsumma ya ce, "Yaya, motar nan tana zubar da mai ta gaba. In tana tafiya take yi, ba a tsaye ba."

Na ce, "To, in tana zubarwa, ina man yake? Ga ƙasa nan, ɗigo nawa ka gani?"

Ya ce, "Iskar fanka ke watsa shi baya, ƙasar hanya ta bi ta liƙe. Ɗan abin da ya ɗiga a gida kuma rairayi ya shanye. Ka ɗan kwanta ka leƙa, za ka gani da idonka."

Na dubi rigata na dube shi. Na ce, "Ni ne zan kwanta?" Ya ci gaba da goge hannunsa. Ni kuma na tafi ina cewa a raina, wanda ya riga ka faɗin inda kaya suka bi, ya san inda suka bi. Ka ga kuskurena na farko. An nuna mini wurin da yatsa, taku biyu ne tsakanina da shi, amma na zaɓi in tsaya a tsaye in yi lissafin mutum. Haruna, duk ranar da aka ce maka mota na yoyo, kada ka tambayi kowa komai sai ka cire rigarka ka shiga ƙarƙashinta. Ka goge inji tas da kananzir da tsumma, ka tayar da shi, ka bar shi ya yi zafi, ka kalli inda jiƙa ta fara fitowa. Mai yana gangara ne, saboda haka inda ka ga ya taru ba nan ya fito ba, ka bi shi sama.

Maimakon haka, ga abin da ubanka ya yi. Da yamma na ɗauki tsintsiya na share kewayen motar, na lallaɓa rairayi sumul, yadda muke yi a bakin garke in muna zargin ɓarawon shanu. Da gari ya waye na fito na sami sawu. Takalmin Sale ne na taya, na san shi don diddigen hagu ya cinye gefe guda. Ga wurin da ya durƙusa, ga wurin gwiwar hannunsa, daidai ƙasan inji. Ba zan ɓoye maka ba, har ɗan daɗi na ji, irin daɗin wanda hasashensa ya fito. Ban tsaya na tambayi kaina ba ko mutumin da ya ce mota na yoyo zai iya durƙusawa ya duba yoyon. Kwana biyu bayan haka na gan shi ya ɗaura gwangwani a bayan keke ya nufi Kabo, inda surukinsa Malam Tanko yake da injin niƙa. Na ce shi ke nan, ruwa ba ya tsami banza, ga inda manmu yake zuwa.

Sai bayan shekaru innarka ta ji daga bakin matar Sale abin da ke cikin gwangwanin. Tsohon mai ne da muka juye muka zubar, ya kwashe don a shafa wa jakin Malam Tanko a gyambo, saura a shafa wa azara saboda gara. Abin da zan ce maka a nan shi ne, in ka share ƙasa don neman sawun wani, za ka same shi, domin mutanen gida ba sa tashi sama. Da na shimfiɗa tsohon faifai ko takardar siminti a ƙarƙashin injin, da ɗigon ya faɗa mini gaskiya da kansa. Tarkon da za ka ɗana, ka ɗana wa ƙarfe tukuna.

Ranar da abin ya fashe muna sikelin Gwarzo. Rana ta take, jakuna sun cika fili, masu dako na ta kai da kawo, mu kuma muna jiran a gama mana awo. Na zaro geji na ga mai ya kusa ƙarewa, alhali jiya da hannuna na cika shi. Sale yana zaune a kan buhu yana cin rogo. Mutum bakwai ne a wurin da na san sunayensu, har da mai awo da limamin unguwarmu da ya zo sayar da tasa gyaɗar. Na ɗaga gejin sama na ce, "Jama'a, ku gane mini. Mu ne muke zuba mai a Gude, injin niƙa yana sha a Kabo."

Sale ya ajiye rogon ya ce, "Yaya, me ka ce?"

Na ce, "Ka ji ni. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as."

Liman ya ce, "Haba Umaru, a bar wannan sai an je gida." Ban saurare shi ba. Na kawo zancen sawu, na kawo zancen gwangwani, na jera su kamar ina gaban alƙali. Sale bai ɗaga murya ba. Ya tashi ya ciro makullin mota daga aljihu ya ɗora a kan buhu. Ya ce, "Ga makulli. Rabona na shanun Baba da ke cikin motar nan ma na bar maka. Amma ran da ka sami hali, ka kwanta ka duba." Ya juya ya kama hanyar Gude a ƙasa, cikin wannan rana.

Ka san mu, ka san abin da kalmar ɓarawo take nufi a zuriyar da ta yi kiwo. Kafin in iso gida magana ta riga ni. Kakarka Dada, mahaifiyarmu, ta kira ni ɗakinta ta ce, "Umaru, ka gani da idonka?" Na ce na gani. Ban ce mata sawu na gani ba. Da Sale ya ɗaure kayansa bayan kwana uku ya shiga yi mata sallama, sai ta juya fuska bango. Ina tsakar gida na ji ta ce, "A gidan nan an yi talauci, an yi annobar shanu, amma ba a taɓa yin ɓarawo ba." Ya fito bai dubi kowa ba, ya tafi da matarsa da 'yarsu. Kai lokacin kana ƙarami, kana wurin goggonka a Jama'a, shi ya sa ba ka ga wannan ba.

Magana zarar bunu ce. In har zargi ya cika maka ciki ba yadda za ka yi, ka ja mutum gefe, ku biyu, ka tambaye shi tambaya, kada ka yanke masa hukunci. Abin da aka faɗa tsakanin mutum biyu ana iya binne shi. Wanda aka faɗa a sikeli kuwa, kowane jaki da ya bar filin ya tafi da shi wani ƙauye.

Sale ya tafi, na karɓi tuƙi da ɗan abin da na koya a gefensa. Mai bai fasa raguwa ba. Za ka ce a nan ne hankalina ya dawo. Ina! Sai na koma kan mai sayar mana da mai a Kano, na ce yana sirka shi da kananzir shi ya sa yake ƙonewa. Na sauya shago. Bai daina ba. Na ce to sammu ne, akwai wani mai lori a Madadi da ba ya son ganinmu a layi. Na je aka rubuta mini laya na rataye a sitiyari. Layar nan ta yi wata guda tana lilo, mai yana tafiya abinsa. Na zargi kowa a ƙasar Gwarzo da Kabo, ban da abu guda da aka nuna mini tun farko.

Motar ce da kanta ta kwantar da ni. Muna tsakanin Gwarzo da Kabo da cikakken lodi, sai na ji tsuwa daga gaba, sai tururi. Fambel, wato igiyar da ke juya fanka, ya jiƙe da mai yana santsi, fanka ba ta juyawa sosai, ruwa ya tafasa. Ba kowa a wurin sai ni da masu gyaɗa biyu, dole na tuɓe rigar na shiga. Ga abin da na gani, Haruna. Gaban injin duka ya yi kauri da baƙin caɓi, mai da ƙasa sun haɗu, kaurin yatsa. Na kankare da tsinke, sai ga sabon mai yana tsattsafowa daga bayan fuli, wato farantin ƙarfen da fambel ke hawa. Wurin da Sale ya faɗa, ba gaba ba baya.

Bari in bayyana maka abin, ko da yake baffanka zai fi ni. A cikin inji akwai babban ƙarfe da ke juyawa, karanshaf, shi ne ƙashin bayan aikin duka. Kansa yana leƙowa ta gaba don ya juya fuli. To, a inda ya leƙo ɗin akwai zobe mai leɓe da ke rungume da shi don kada mai ya biyo shi waje. Makanikai na ce masa sil. Abu ne da bai fi bakin ludayi ba. Shi ne ya gaji.

Na yanke shawarar in canja shi a gida da hannuna. Na gaya wa innarka wai don makanikan Kano ɓarayi ne, ka kai musu mota da ciwo ɗaya su cire mata lafiyayyen kaya biyu. Akwai irinsu, kuma ka kiyaye kada ka zama ɗaya daga ciki. Amma ba shi ne dalilina ba. Dalilina shi ne duk makanikin da ya leƙa zai ce yoyo ne, kuma Sale yana cikin garejin Kano a lokacin yana aiki a ƙarƙashin wani. Kafin in ɗaure fambel labari ya kai masa. Don kada a san na yi kuskure na shiga aikin da ban iya ba.

Na kafa motar a rumfarta na sa duwatsu a tayoyi. Na juye ruwa na cire lagireto, wato ma'ajiyar ruwan sanyaya inji, na cire fanka da fambel. Akwai ƙaton noti a tsakiyar fuli, wanda ake zura ƙarfen tayar da mota da hannu a cikinsa. Na sa sifana ina ja, injin yana bina yana juyawa, na yi rabin yini a haka ina zagin wanda ya ɗaure shi. Sai daga baya na gane a sa mota a babbar giya a ja birki, sannan noti ya tsaya a kwance shi. Fulin kuma ya ƙi fita, na sa ƙarfen taya na ɓanɓare shi ta gefe guda har bakinsa ya ɗan lanƙwashe. Kai in za ka yi, ka nemi abin janye fuli, in babu ka bi shi ta gefe biyu a hankali, nan kaɗan can kaɗan. Tsohon sil ɗin kuwa da wuƙar yankan kofato na ƙwaƙule shi, Allah ne Ya tsare ban karce wuyan ƙarfen ba. Da na karce shi, da ko sil ɗin zinariya aka sa ba zai riƙe ba. Kullum in ka cire, ka bi wurin da leɓen ke gogawa da farcenka. In farce ya maƙale a wani kwari, to ƙasa ta ci wurin, sabon sil ba zai zauna a kan tsohon rami ba sai an ɗan gusa da shi.

Na je Kano na sayo sabo, ban tafi da tsohon ba don kada a tambaye ni. Na kimanta da ido. Na dawo na ɗora shi a bushe, na bi shi da guduma kai tsaye. Ya shiga a karkace, bakinsa ya lotse. Na mayar da komai, na tayar da mota, kafin in gama wanke hannu mai yana zuba kamar an huda tulu. Wa na zarga? Mai shago, mana. Na ce jabu ya ba ni don ya ga ɗan ƙauye.

Daga nan na ce ba ni ba kayan kanti. Na lura leɓen tsohon sil ɗin fata ce, ni kuwa wa zai gaya mini fata? Na kai wa wani baduku a Gwarzo, ya yanko mini zobe daga ƙirgi mai kauri, na jiƙa shi kwana biyu a man shanu, na cusa a tsohon gidansa. Na yi ta yaba kaina. Zuwa Kano ɗaya ya yi. A dawowa, tun daga Kabo nake jin ƙauri kamar ana babbakar ƙafar saniya, muna isa gida fatar ta soye ta zama ƙanzo. Abin da ka sani a garke gaskiya ne a garke. Kada ka ɗauke shi ka shiga da shi cikin inji don kawai kana jin kunyar tambaya.

Karo na uku na sunkuyar da kai kaɗan, ba duka ba. Na naɗe tsohon sil ɗin a tsumma na tafi da shi, aka gwada aka ba ni daidai da shi. A bakin shagon akwai wani tsohon makaniki yana shan fura, na zauna kusa da shi na ce, "Baba, wani abokina ne motarsa ke zubar da mai ta gaba, ya canja sil sau biyu bai yi ba."

Ya dubi faratana da suka yi baƙi, ya dube ni. Ya ce, "Allah Sarki, abokin naka. Ka ce masa ya jiƙa sabon a man inji ya kwana. Leɓen ya kalli ciki, wajen mai, ba waje ba. Ya shafa wa wuyan ƙarfen mai, ya ɗora katako a kai ya riƙa bugun katakon, yana zagayawa, har ya zauna daidai. Sannan ka ce masa ya duba ko injin yana numfashi."

Na riƙe ukun farko. Na huɗun na watsar, na ce wannan dabara ce ta a kawo masa mota ya ci kuɗi, inji kuma da numfashi sai ka ce ɗan Adam. Na dawo na yi aikin yadda ya ce, kuma wallahi ya yi kyau, sil ya zauna sumul. Kwana shida ba ɗigo. Ran na bakwai na leƙa, sai ga jiƙa ta dawo a bayan fuli.

Na zauna a ƙasa a gindin taya, na rasa wanda zan zarga, duk na ƙare su. Innarka tana ba awaki dusa a gefe. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Malam, ni dai ban san mota ba. Amma wancan bututun da ya sauko ta gefen inji, mai kallon ƙasa, na ga zanzaro yana shiga da laka tun farkon damina."

Na ce, "Wace damina?"

Ta ce, "Wadda ta wuce. Kafin Sale ya tafi."

Na ce, "Shi ne ba ki faɗa ba sai yau?"

Ta ajiye ƙwaryar dusa ta ce, "Wanda ya faɗa maka magana a kan motar nan, ina yake yanzu?"

Na miƙe. Na samo waya na zura a bututun. Wayar ta tsaya cak. Na kwance shi na fito da shi rana, na buga a dutse. Laka ta zubo a dunƙule, ɗaki-ɗaki, da busassun tsutsotsi a ciki, ya toshe ƙam kamar an yaɓe bakin rumbu. Wannan bututun ta nan inji ke fitar da hucin da ke taruwa a cikinsa. Da ya toshe, hucin ya rasa hanya, sai ya riƙa tura mai ta wurin da ya fi rauni. Shi ya kashe sil na farko, shi ya so ya kashe na uku. Na wanke bututun da kananzir na mayar, na goge gaban inji. Daga ranar har muka rabu da motar nan ban ƙara ganin ɗigo ba. Saboda haka duk motar da ta yi damina a tsaye, kafin ka tayar da ita ka bi duk wata ƙofa tata da waya. Kuma in ka canja abu ya sake lalacewa, kada ka tsaya kan abin, ka nemi mai lalata shi. Sannan ka lura da kanka: ran da ka ga mutanen gidanka sun daina gaya maka abin da suka gani, ba su ne suka canja ba.

Yanzu saura wanda ya fi nauyi, shi ne ya ci mini kwana biyu cikin huɗun nan. A ranar da lakar nan ta zubo na san komai. Dada tana ɗakinta, taku ashirin daga inda nake tsugune. Abin da ya kamata in kwashi lakar a tafin hannu in kai mata in ce, Dada, ga ɓarawon, ɗanki bai taɓa komai ba. Ban yi ba. Na tattake ta da ƙafa, na ce wa innarka in na ji wannan magana a waje ta san sauran. Na ce wa kaina sai bayan kaka. Bayan kaka na ce sai na sami wanda zan aika. Daga nan na fara cewa ai Sale ma da ya so da ya dawo ya kare kansa, shirunsa akwai wani abu a ciki. Ka ji fa, ina da gaskiya a hannu ina neman abin zargi. Dada ta yi shekara biyu bayan wannan. Ba ta ƙara kiran sunansa ba, amma duk ran da aka dama fura sai ta sa a rage a ludayi ta ce ko wani zai zo. Da ciwon ajali ya kama ta na aika masa, ya iso an riga an kai ta. Ya yi addu'a a kabari, ya yi wa mutane gaisuwa, ya koma a ranar bai sha ruwan gidan ba.

To, ga abin da nake so da kai. In ka isa, ka gaishe shi da kyau, ka durƙusa, ka gaida matarsa. Kada ka kawo maganar a gareji gaban ma'aikatansa, ka bari sai kun keɓe. Ka ce masa ranar kasuwar Gwarzo mai zuwa zan tsaya a sikeli, inda na tsaya wancan karon, in faɗa da ƙarfin da na faɗi ta farko cewa Sale bai ɗauki ko cokali na mai ba, ni ne na ƙi dubawa, kuma da na duba na ɓoye. Cikin mutum bakwai ɗin nan uku sun rasu, liman na cikinsu. Huɗun da suka rage na aika musu su zo, ban gaya musu dalili ba. Ba sai ya zo ba, ba kuma don ya yafe nake yi ba. In ya yarda, ka karanta masa takardar nan duka, kada ka tsallake inda na fi muni.

Har yanzu zuciyata tana raya mini wai ya karɓe ka ne don ya nuna mini ya fi ni. Ka ga halin bai mutu ba, tsufa kawai ya yi. To, ko da haka ne, ya fi ni ɗin. Ka bi shi, ka yi masa biyayya, in ya ce ka leƙa wuri ka leƙa kafin ya rufe baki. In kuma bayan ya ji wannan ya ga ba zai iya kallon fuskarka ba saboda tawa, ka dawo gida ba tare da ka riƙe shi a zuci ba.

Abu ɗaya ne ba sikelin da zai gyara, kuma kada ka sassauta shi in za ka faɗa. Zai so ya san ko Dada ta ji gaskiya kafin ta cika. Wataƙila shekara tara ke nan yana fatan ta ji. Ka ce masa ba ta ji ba. Ka ce masa na sani tana da rai, ina shiga ɗakinta kullum da safe in gaishe ta, kuma ni na hana ta sani.

Allah Ya jiƙan Dada, Ya sanar da ita a can abin da na ɓoye mata a nan. Allah Ya tsare ka a inda za ka, Ya tsare yatsunka daga fanka da bayanka daga jak, Ya tsare harshenka daga abin da nawa ya yi. Ya sa ka gama lafiya, Ya dawo mana da kai muna raye. Innarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci kafin ka shiga ƙarƙashin mota. Ƙannenka duk suna gaisuwa.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Umaru.